Ralanti ya ƙi zama: tambayoyi da amsoshi kan kafireta da ɓarauniyar iska

Waɗannan su ne tambayoyin da masu motoci da direbobi suka fi yi mini a gareji a nan Tawa. Na rubuta su da kalmomin bakin gareji. Abin da muke kira ralanti, wato inji na aiki mota na tsaye ba a taka totur ba, ƴan'uwanmu na hayin Ƙonni silo suke ce masa. Buji ɗinmu shi ne fulogi, karbiratar kuma ita ce kafireta. Turai ta yi ban kwana da kafireta tun farkon shekarun 1990, lokacin da dokokin hayaƙi suka tsananta, amma mu har yau ita ke kai mu kasuwa: tsofaffin Peugeot 404 da 504 masu kafiretar Solex, Starlet da Corolla masu ta Aisan, da Hilux da Land Cruiser na fetur da ke shiga daji.

Motata na gudu lafiya lau a hanya, amma da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Kafiretar ce ta ƙare?

Da wuya. Kafireta tana da hanyoyin mai fiye da ɗaya, kuma wadda ke ciyar da inji a kan gudu daban take da wadda ke ciyar da shi a tsaye. Idan ka ɗaga ƙafa, faifan da ke cikin maƙogwaron kafireta, wanda muke kira papiyon, yana rufewa har sai ɗan siririn fili ya rage. Babbar hanya ta yi shiru ke nan. Man da inji zai sha a wannan hali yana bi ta wani ɗan ƙanƙanin jiklar na ralanti, wato ɗan ƙarfe mai huda da ke auna man da zai wuce, ya gauraya da iska, ya fito ta wata ƴar huda a ƙarƙashin papiyon. A Solex, lambar da ke jikin jiklar faɗin hudarsa ce: in ka ga 50, rabin milimita ke nan. Ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe shi, alhali babban jiklar yana nan garau. Shi ya sa motar za ta kai ka Madawa ta dawo, amma a bakin shingen ƴan sanda ta ba ka kunya.

Abu uku nake dubawa da farko. Jiklar ɗin ralanti. Sai ɗan ƙarfen nan mai waya ɗaya da ke ɗaure a gefen kafireta, wanda aikinsa ya rufe hanyar man ralanti idan an kashe mota. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka cire wayarsa ka mayar: in ka ji ƙas, yana aiki. In shiru, ko wuta ba ta zuwa ko ya ƙone, kuma motar ba za ta taɓa yin ralanti ba ko da kafiretar jiya aka fito da ita daga kwali. Na uku, kuma shi ya fi yawa, ɓarauniyar iska.

Mece ce ɓarauniyar iska?

Duk iskar da ta shiga inji ba ta ƙofar kafireta ba. Fistan na sauka, yana zuƙa, papiyon kuma a rufe, don haka cikin kolekta, wato bututun da ke raba cakuɗar zuwa silinda, akwai zuƙa mai ƙarfi. Kowace tsaga da ke tsakanin papiyon da kan inji za ta zama ƙofa. Iskar da ta bi ta nan ba ta ɗauko rabonta na mai ba, sai cakuɗar ta tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa.

Fetur yana ƙonewa daidai idan awo ɗaya nasa ya samu awo 14.7 na iska, da nauyi. Ɗauki injin Starlet mai lita 1.3. A juyi 800 cikin minti, da za a buɗe masa ƙofa gaba ɗaya, zai iya haɗiyar iska wajen lita 520. Amma a ralanti ba ya samun fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan. Cikin ɗan wannan rabo, hudar da ba ta wuce kaurin tsinken ashana ba tana da tasiri sosai. Da ka taka totur, iska ta kwararo da yawa, zuƙar cikin kolekta ta ragu, sai ɓarauniyar ta ɓace cikin taro. Wannan ne ya sa ciwon ke bayyana a tsaye ya ɓuya a kan gudu.

Alamominta: ralanti na hawa da sauka da kansa, inji na karkarwa, mota na son cok, wato faifan da ke rage iska a bakin kafireta in inji na da sanyi, ko bayan ta yi zafi, wani lokaci ta yi atishawa ta bakin kafireta, kuma buji ya fito fari fat kamar an shafa masa toka.

Yaya zan gano inda take shiga, ba ni da na'ura?

Ka fara tabbatar da ita ce. Inji na ralanti, ka cire matacin iska, ka ɗan tura faifan cok ya rufe rabin baki, ko ka kare bakin da guntun kwali. Kada ka leƙa da fuskarka, kafireta na iya tofo wuta. In juyin inji ya ƙaru ya daidaita, mai ne ya yi masa kaɗan, wato ko iska na satar hanya ko jiklar ya toshe. In ya shaƙe nan take yana neman mutuwa, nemi matsalarka a wani wuri.

Sai farauta. Ka samo tiyo mai tsawon kamu biyu, baki ɗaya a kunnenka, ɗayan kana bi da shi gindin kafireta, da inda kolekta ya haɗu da kan inji, da bakin kowane ƙaramin tiyo. Tsaga tana da sauti, tsss, kamar na maciji. Bayan haka ka riƙa matse tiyo ɗaya bayan ɗaya da filaya: wanda ka matse inji ya sauya murya, bi shi har ƙarshensa. Ruwa ma yana aiki. Ka huda murfin gorar roba, ka tsiyaya a kan juwan, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗar ƙarfe biyu: in tsagar ta sha ruwan, inji zai yi tuntuɓe na ɗan lokaci. Kuma kada ka yarda da ido kawai. Zafin garin nan yana mayar da tiyon roba kamar busasshiyar fata, ta sama ka gan shi lafiya, ta ƙasa ya dare. Ka lanƙwasa shi ka gani.

Wani dattijo mai fataucin dabbobi ta wajen Abalak ya taɓa kawo mini Land Cruiser mai injin 3F. Ya riga ya sauya kafireta sau biyu, ta biyun ma daga Yamai aka aiko masa, kuma har yanzu sai yaronsa ya danne totur in za su tsaya sayen ruwa. Na sa tiyo a kunne, ban yi minti biyar ba na ji kukan daga bayan kolekta, can wajen da hannu ba ya kai wa sai an kwanta a kan inji. Wani ne a daji ya taɓa toshe wani bututu da guntun icce, ya naɗe da leda. Ledar ta narke, iccen ya bushe ya tsuke. Na zaro shi na ɗora masa a tafin hannu. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Wannan ne ya ci mini kuɗin raguna?"

Na ce, "Shi ne, Alhaji. Kafiretarka ta asali tana ina?"

"Tana gida cikin buhu."

"To a kawo ta, ta fi waɗannan biyun."

An bar jaki ana ta dukan taiki wata huɗu.

Na ga wasu na yayyafa fetur a gindin kafireta don neman tsagar. In yi?

Kada ka yi. Dabarar tana nuna wurin, gaskiya ne, domin inji na zabura idan ya zuƙi man. Amma a motoci da yawa bututun hayaƙi yana nan ƙarƙashin kolekta da zafinsa, ga wayar buji mai tartsatsi a gefe. Ruwa zai gaya maka abin da fetur zai gaya maka, kuma ba ya cin gira.

In na taka birki sai ralanti ya rikice, wani lokaci ta mutu. Me ya haɗa birki da inji?

Baƙar tukunyar nan da ke bayan feda, wadda muke kira mastabak, da zuƙar inji take aiki, ta wani tiyo mai kauri da ya taso daga kolekta. A cikinta akwai faffaɗar roba. In ta yage, duk lokacin da ka taka birki ka buɗe wa iska babbar ƙofa.

Gwajinta ba ya buƙatar ko sifana. Inji a kashe, ka taka birki sau biyar har feda ta yi tauri. Ka bar ƙafarka a kai, ka tayar. Feda mai lafiya za ta ɗan nutse ƙasa. In ba ta motsa ba, ko kana jin huci daga ƙarƙashin sitiyari, tukunyar ce ko tiyonta ko ɗan bawul ɗin da ke bakinsa. Na san akwai masu cire tiyon su toshe, ralanti ya dawo daidai, su ce an gama. Birkin zai kama, amma sai ka miƙe tsaye a kansa. A gangaren hanyar Kaita da lodin albasa, ba na so in ji labarinka.

Akwai bis biyu, wato sukurori, a jikin kafireta. Wanne ne na me, kuma yaya ake saita su?

Ɗaya yana tokare da hannun papiyon, shi ke ƙayyade yawan juyi. Ɗayan yana can ƙasa kusa da gindi, mai tsini kamar allura, shi ke ƙayyade yawan man ralanti: a yawancin kafiretoci in ka fito da shi ka ƙara mai, in ka shigar ka rage. Wasu Solex suna da babban bis na iska wanda da shi ake saita juyi, na papiyon kuma ba a taɓa shi.

Amma ka ji wannan tukuna. Bis shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa. Sai wutar buji ta yi daidai, supap, wato bawul ɗin da ke buɗe wa silinda ƙofa su rufe, sun yi daidai, babu ɓarauniyar iska, matacin iska mai tsabta ne kuma yana wurinsa, inji ya yi zafi, cok ya buɗe sarai. Wanda ya fara da bis ciwon ya rufe da zane, bai warkar ba.

In duk wannan ya cika, ka shigar da bis na mai a hankali har ya taɓa ƙasa, sannan ka fito da shi zagaye biyu. Daga nan ake farawa. Ka tayar, ka kawo juyi kusa da 800. Ka riƙa shigar da shi kwata-kwata na zagaye, kana jira kamar numfashi uku bayan kowane juyawa, har inji ya fara ɗingishi. Sai ka riƙa fitowa har ka kai inda muryarsa ta fi tashi ta fi santsi. Juyi zai ƙaru, ka mayar da shi da ɗayan bis ɗin, ka sake zagayen sau ɗaya. Yawancin injinan nan tsakanin 750 da 900 suke so. Daga ƙarshe ka kunna manyan fitilu ka gani ko zai riƙe.

Na ce a hankali, kuma da dalili. Ina yaron gareji na taɓa ɗaure wannan bis na wata 404 kamar ina ɗaure notin taya. Tsinin ya karye ya maƙale cikin hudar. Maigidana bai ce mini uffan ba, ya miƙo mini allurar ɗinki ya koma inuwa ya ci gaba da shan shayinsa. Daga azahar har aka kira magariba ina tsugune ina cakula. Ya fito, amma hudar ta riga ta faɗaɗa, motar nan ba ta ƙara yin ralanti mai daɗi ba har aka sayar da ita.

Na juya bis na mai ciki da waje, inji ko gezau. Me ke nan?

Inji ba ta hanyar ralanti yake shan mai ba. Galibi wani ne ya ɗaga juyi don ya ɓoye wata matsala, papiyon ya buɗe fiye da ƙima, har babbar hanya ta fara zuba. Ka haska tocila cikin maƙogwaro daga nesa: in ka ga mai na ɗiga daga tsakiya alhali ba a taka totur ba, ka kama shi. Ka sauke papiyon. In inji ya ƙi zama a ƙasa, to ga ainihin ciwon nan ya fito: iska, ko wuta da ta makara, ko man da ya cika kofin kafireta ya yi yawa.

Motata akasin haka ce: ralanti ya yi sama ya ƙi sauka.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Wayar totur ta yi tauri ko an ja ta da yawa, sifirin ɗin da ke mayar da papiyon ya saki, ko tabarmar ƙasa ta danne feda. A kafireta mai maƙogwaro biyu, papiyon na biyu kan maƙale a ɗan buɗe saboda datti, ka tura shi da yatsa ka ji ko juyi zai faɗi.

In ba su ba ne, duba cok. Cok mai aiki da kansa yana da wani ɗan tsani da ke ɗaga juyi muddin inji na da sanyi, kuma wasu da zafin ruwan lagireto suke gane cewa inji ya ɗumama. A nan ne al'adarmu ta cire kalosta, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, ke cizon mu. Mota na isowa daga Kwatano, abu na farko a cire shi a jefar, wai ƙasarmu da zafi. A watan Janairu da asuba, ana hunturu, injin da ba shi da kalosta zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, cok na rabin rufe, mota na shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma. Ni ra'ayina a bar kalosta, a wanke lagireto.

Da safe bugu ɗaya take tashi. Amma in na yi tafiya na tsaya minti goma da rana, sai ta wahalar da ni.

Wannan ciwon watan Afrilu da Mayu ne, lokacin da zafi ke haura 40 a inuwa. Fetur ba abu ɗaya ba ne, gauraye ne, kuma mafi sauƙin cikinsa yana fara tafasa tun kafin zafi ya kai 40. Da ka kashe inji, fanka ta tsaya, zafi ya taru a ƙarƙashin kapo, wato murfin gaban mota, man da ke cikin kofin kafireta ya tafasa ya malala cikin kolekta. Inji ya ƙoshi har wuya, ba yunwa yake ji ba. Don haka kada ka yi ta famfa totur, ƙara masa kake yi. Ka taka shi har ƙasa, ka riƙe, ka buga, iska za ta share man.

Maganin dindindin: tsakanin kafireta da kolekta akwai wani baƙin faranti mai kauri da ke hana zafi hawa. Sau da yawa in ya tsage sai a jefar a sa juwan na takarda kawai. A nemo shi a mayar. A duba kuma kada bututun mai ya bi kusa da na hayaƙi, kuma in motar tana da tiyon da ke mayar da rarar mai tanki, kada a toshe shi.

Baƙin hayaƙi, warin fetur, buji baƙi ƙirin. Ta ina zan fara?

Matacin iska tukuna. Mai bin hanyar Cintabaradan cikin ƙurar hunturu zai iya cika shi cikin kwanaki kaɗan. Sai cok. Sai kofin mai: a ciki akwai fulota da ke tashi da mai ya tura wata allura ta rufe ƙofa, kamar tankin ruwan bayi. In datti ya tokare allurar, ko bakinta ya ci, mai ba zai daina shiga ba. Fulotan tagulla kuma kan huje: ka girgiza shi kusa da kunne, in ka ji motsin ruwa a ciki ya gama aiki. Aisan da yawa suna da ɗan gilashi a gefe, man ya tsaya daidai alamar tsakiya.

Abin da nake yawan gani yanzu shi ne famfon lantarki da aka ɗauko daga motar injeksiyon aka ɗaura wa mai kafireta. Kafireta tana son matsin da bai wuce bar 0.2 zuwa 0.3 ba, wancan famfo kuma yana turo wajen bar 3. Babu allurar da za ta tare shi.

Man kwalba ne ke ɓata kafireta?

Ba kwalbar ba ce, kuma ba asalin man ba ne. Ko na matatar Soraz ta Damagaram ne, wadda ta fara aiki a 2011, ko wanda ya ƙetaro iyaka, fetur fetur ne in ba a yi masa haɗi ba. Tafiyar da ya yi ce abin dubawa: durom mai tsatsa, jarkar da ta kwana a buɗe, mazurari da ke ajiye a ƙasa iska na zuba masa rairayi. Mai shiga daji ba shi da zaɓi, dole ya saya inda ya samu. To ya tace da ƙyalle mai tsabta, ya sa ƙaramin matacin mai na roba mai haske kafin famfo, ya ajiye wani a cikin mota. In kana zargin ruwa, ka tsiyayi man kofin kafireta cikin kwalbar gilashi ka ajiye minti biyu. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwallon ido.

Zan iya wanke ta da kaina?

Za ka iya, in kana da haƙuri da faranti mai tsabta. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire kowane tiyo. Ka ware jiklar na maƙogwaro na farko da na biyu, domin sun yi kama amma lambarsu daban. Kada ka zura wayar ƙarfe ko allura cikin jiklar: tagulla ce mai laushi, kana faɗaɗa ta motar ta zama mashayiya har abada. Iska ake hurawa, ta bayan inda mai ke shiga, ko da famfon keke ne. Ka ɗaga shi ga rana, ka ga hudar ta fito zagaye tsaf.

Wajen mayarwa, sabon juwan, ba silikon ba. Fetur na narkar da silikon, guntayensa su bi hanyoyin mai su toshe. Notocin gindi kuma a ɗaure su da kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai mai kallonta. Ƙarfen kafireta ba shi da ƙarfi, in ka matse shi gindin zai bauɗe, ka ƙirƙiro ɓarauniyar iska da hannunka. Wanda ya riga ya bauɗe ana gyara shi: a shimfiɗa takardar yashi mai laushi a kan gilashi, a goga gindin a kai har ya kwanta ko'ina.

Corolla ta Turai ce, ƙananan tiyo sun fi ashirin. In cire su duka in toshe?

Wasu ana iya rayuwa ba su, wasu ba a iya. Yawancinsu na dokar hayaƙin Turai ne, amma a cikinsu akwai wanda ke zuwa delko mai raba wuta zuwa buji, da wanda ke buɗe maƙogwaro na biyu, da wanda ke ɗan buɗe cok da zarar inji ya tashi, da wanda ke ɗaga ralanti in an kunna na'urar sanyi. Ka toshe na maƙogwaro na biyu, motar ba za ta ƙara wuce tirela ba. Duba ƙarƙashin kapo, sau da yawa akwai takarda manne mai zanen hanyoyinsu. In dole ne a toshe wani, a sa hular roba ko guntun tiyo sabo da bis a ciki, ba tsinke ba, ba ƙusa ba.

Biyu daga cikinsu sun cancanci a duba su da kyau. Bawul ɗin da ke zuƙe tururin mai daga murfin inji: ka cire ka girgiza, mai lafiya yana ƙara kamar caki. Da kuma wanda ke mayar da hayaƙi cikin kolekta, in motar tana da shi: a ralanti ya kamata ya kasance a rufe ruf, in gawayi ya tokare shi inji zai yi ta rawar ɗari.

Agogon awon zuƙa yana da amfani, ko kayan ado ne?

A ganina babu abin awo mai araha da ya kai shi faɗin gaskiya. Ana haɗa shi da bututun da ke kan kolekta, ƙasa da papiyon. Injin da ke da lafiya, da zafinsa, a ralanti, yana nuna inci 17 zuwa 22, wato santimita 43 zuwa 56 a ɗayan layin, allura a tsaye cak. Tudu na rage shi, kamar inci ɗaya a kowace mita 300, kuma Tawa ta kusa mita 400 sama da teku, don haka kada ka tsorata in ka ga ya gaza na littafi da inci guda.

Motsin allurar ya fi lambar magana. In ta tsaya cak amma ƙasa kaɗan, wajen 14 ko 15, yawanci wuta ce ta makara. In ta faɗi ƙasa sosai, babbar ɓarauniya ce ko an ɗaura bel ko sarƙar inji ba a kan maki ba. In tana lilo a hankali, cakuɗar mai ce. In tana faɗuwa tana dawowa a kan ƙa'ida kamar bugun ganga, supap ɗaya ya ƙone ko ba ya rufewa, kuma babu bis a duniya da zai gyara wannan. Ka riƙe juyi a 2500: in allura na zamewa ƙasa sannu a hankali, salansa ce ta toshe.

Ka yi ta cewa wuta. Me zan duba a can?

Buji, wayoyinsu, murfin delko ko ya tsage, da tazarar bis-platine, ƴan ƙarafan cikin delko da ke haɗuwa suna rabuwa, in motar tana da su, wajen milimita 0.40 zuwa 0.45. Inji na ralanti, ka cire wayar buji ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba: wadda ka cire inji bai damu ba, wannan silinda dama ba ta aiki. Jerin wutar mai silinda huɗu galibi 1-3-4-2 ne, na Land Cruiser mai shida 1-5-3-6-2-4. A tsofaffin Peugeot ana fara ƙirga daga wajen kuloci, ba daga wajen fanka ba, kuma wannan ya sha rikita yara.

Sai ɗan gwangwanin da ke gefen delko mai tiyo. Ka cire murfin delko, ka tsotsi tiyon da baki: farantin ciki ya motsa, kuma in ka toshe da harshe ya tsaya inda yake. In iska kawai kake sha, robarsa ta yage. Asara biyu ke nan, abansi, wato gabatar da wutar buji, ba ya ƙaruwa, ga kuma wata ƙofar ɓarauniya.

Na kashe makulli amma inji na ci gaba da kakkafewa.

Ralanti ya yi sama, ko ɗan ƙarfen nan mai waya ɗaya an yanke masa tsini don a huta da shi, ko gawayi ya taru a kan fistan yana ja kamar garwashi. Kafin a gyara, ka sa giya, ka taka birki, ka saki kuloci a hankali.

Yaushe ne za a haƙura a sayi wata?

In jikinta ya tsage, ko zaren da bis ke shiga ya cinye, ko sandar papiyon ta yi wasa. Wannan na ƙarshe ciwon ƙasarmu ne: ƙura na shiga tsakanin sandar da raminta, kowane taka totur tana gurzawa, shekara da shekaru, har ramin ya zama kamar ƙwai. Ka kama hannun papiyon ka girgiza sama da ƙasa. In yana ƙwas-ƙwas, iska na shiga ta nan, kuma alamarsa ita ce duk lokacin da ka saki totur ralanti a wani wuri daban yake sauka. Ko shi ma mai injin tur, wato injin feƙe ƙarfe, da ya iya aikinsa zai iya fafe ramin ya sa zoben tagulla.

Sababbi na kwali masu araha, wasu na yi wasu ba sa yi, kuma sau da yawa jiklar ɗin ciki ba na injinka ba ne. In ka saya, kada ka yar da tsohuwar, a kwashe jiklar ɗinta a mayar cikin sabuwa in zarensu ya zo ɗaya. In kuma ta hannu za ka saya, a Katako ta Yamai ko wajen masu kayan tsofaffin motoci a nan gari, ka je da taka a hannu ka jera su. Ka ƙirga bututan tiyo, ka girgiza sandar, ka rufe papiyon ka ɗaga ta ga rana ka ga yawan hasken da ke ratsowa ta gefe, sannan ka nemi mai kayan ya yarda a buɗe kofin a gabanka. In ka ga farin gari kamar kanwa a ƙasansa, ruwa ya daɗe a ciki yana cin ƙarfen, ka ajiye masa abarsa.